Mai Ciwon Ƙarya

A benci ɗaya suke jiran mota, matashiyar likita da littafi a cinya, da wani dattijo mai leƙen shafinta.

"'Yata, ke da kin zama likita, karatun me kuma?"

"Jarrabawar aiki a ƙasar waje, Baba. Hanya biyu ce. Ɗaya sai na koma ɗaliba. Ɗayar, ɗan wasa za su kawo ya yi ciwon ƙarya, su ga ko zan sa shi ya faɗi abin da yake ɓoyewa. Ita nake tsoro."

"To, gwada ni."

Ta yi dariya, ta gyara zama. "Me ke hana ka barci, Baba?"

"Gwiwa."

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa. Ɗana ma likita ne a can. In ya bugo sai in ce lafiya lau, kada in raba masa hankali."

Ya shafa gwiwar, sannan ya murmusa.

"Ke, ɗauki ta biyun. Abin da na ɓoye wa ɗan cikina, kin tatse shi kafin mota ta iso."

"Na ɗauka. Amma yau ka gaya masa." Ta rufe littafin. "Miƙo ƙafar in gani."