Makin Kezia

Liyatu: Halo? Zadok?

Zadok: Adda, ina kwana.

Liyatu: Lafiya lau, ƙanena. Yaya Jimeta? Yaya ɗalibai?

Zadok: Da godiya. Yaya Girei? Su Fibi fa?

Liyatu: Sun tafi makaranta. Zafi ne dai ya hana mu sakat.

Zadok: Haka yake ko'ina. Ƙafar maigidan ta yi sauƙi?

Liyatu: Ya fara takawa, mun gode Allah. Kai, me ya sa kake magana ƙasa-ƙasa? Ko mura ce?

Zadok: Ina ɗakin littattafai ne. Na kulle ƙofa.

Liyatu: Ka kulle? Wa ya biyo ka?

Zadok: Baba Absalom.

Liyatu: Yesu! Mutumin da ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, ya ba ka aiki a makarantarsa, har da ɗakin kwana? Me ka yi masa?

Zadok: Koyarwa na yi, Adda. Kin san Kezia?

Liyatu: Wa? Layin yana tsinkewa.

Zadok: Kezia! Marainiyar nan da ke gidansa, 'yar ajin ƙarshe.

Liyatu: Siririyar nan da ake kaiwa gonar Namtari ran Asabar? Na gane ta.

Zadok: To, akwai wani labari a littafin adabinsu, na wani mai arziki, Ɗanburam, da ke tara marayu yana ciyarwa. Sai na ba su aiki, na ce su faɗi halinsa, kowa ya kawo hujja daga cikin labarin.

Liyatu: Kai ka rubuta labarin?

Zadok: Ina! Baba Absalom da kansa ya sayo littattafan. Duk ajin suka rubuta mutumin kirki ne, mai kyauta. Ita kaɗai ta ce a'a.

Liyatu: To sai me? Ba amsar jarrabawa ba ce?

Zadok: Jiya ya shigo duba aikin malamai, ya zaro takarda ɗaya daga tsakiya. Tata ce. A tsaye ya karanta. Adda, yana gamawa ya miƙo mini ita a fusace.

Liyatu: Ta ambaci sunansa?

Zadok: Ko kusa. Shi ya ga kansa a ciki.

Liyatu: Innalillahi, kamar yadda maƙwabtana ke cewa. Yanzu me yake so?

Zadok: Ya ce in ba ta sifili.

Liyatu: Fili? Wane fili kuma?

Zadok: Sifili! In soke makin da na ba ta, in rubuta cewa ba ta fahimci labarin ba. Sannan ta fito gaban taron safe ta durƙusa ta ce ita butulu ce. In na ƙi, in kwashe kayana yau.

Liyatu: To ka soke mana. Maki ne fa kawai, Zadok. Ka lallashe ta daga baya.

Zadok: Tun farkon shekara nake ce musu kada su yarda da abin da mutane ke faɗa a kan mutum a cikin labari, su duba abin da yake aikatawa. Yarinya ɗaya ta ji maganata. Ita zan ce wa ba ta fahimta ba?

Liyatu: In ka ƙi fa? Kana tsammani kai kaɗai zai kora? A makarantarsa aka yi mata rajistar jarrabawar fita. Ina za ta je?

Zadok: Shi ya sa na kira ki. In na soke, na karya ta. In na ƙi, na jefa ta a titi. Duk inda na juya bango ne.

Liyatu: Halo? Kana ji na?

Zadok: Ina ji.

Liyatu: Takardar na wurinka? Karanta mini.

Zadok: Ta ce, "Ɗanburam ba ya ba da abinci sai ya tara jama'a su gani. Marubucin bai nuna mana yaro ko ɗaya yana dariya a gidan ba. Da babban yaron ya ce yana so ya tafi koyon ɗinki, ba a tambaye shi dalili ba, sai aka kira shi butulu. Ina ganin yaran sun ƙoshi, amma tsoro suke ji. Mutum yana iya ƙoshi kuma yana jin tsoro."

Liyatu: Wayyo Allah.

Zadok: Adda? Lafiya?

Liyatu: Ba komai.

Zadok: Kuka kike yi?

Liyatu: Ranar da na ce masa ina son karatun nas, ka tuna? Kana ƙarami. A gaban dattawan coci ya sa na durƙusa. Kalmar nan ce dai ya sa na faɗa da bakina. Har yau in na ga farin kaya a asibiti sai in kau da kai.

Zadok: Ban sani ba, Adda.

Liyatu: Ba wanda ya tsaya mini. Kowa cewa yake in yi haƙuri, ai ya ciyar da mu. Ga shi yanzu ni ma abin da na ce maka ke nan.

Zadok: An kaɗa ƙararrawa. Yara sun fara jeruwa.

Liyatu: Kada ka taɓa makin nan.

Zadok: Jarrabawarta fa?

Liyatu: Ban sani ba, Zadok. Wallahi ban sani ba. Za mu je ma'aikatar ilimi, mu yi ta roƙo. Zan share ɗakin baya, ita ta kwana da Fibi, kai ka shimfiɗa tabarma a falo.

Zadok: Maigidanki zai yarda?

Liyatu: Bar ni da shi. Mene ne wannan ƙara?

Zadok: Ƙofa ake bugawa. Shi ne. Ina jin muryar Kezia a bayansa.

Liyatu: Nawa ma ka ba ta?

Zadok: Sha takwas cikin ashirin.

Liyatu: Ina sauran biyun?

Zadok: Akwai kurakuran rubutu, Adda, ba zan iya...

Liyatu: Kai dai malami ne har kabari. Buɗe masa. Kada ka kashe wayar, sa ta a aljihu, ina so in ji da kunnena.

Zadok: Katin saura kaɗan. Ina zuwa, Baba! Ina buɗ...

Liyatu: Zadok? Halo? Zadok!