Gwangwanin Alayyafo

A ƙofar firamaren unguwarmu a Toledo muke jiran a tashi yara. Makon tara wa mabuƙata abincin gwangwani ne, ajin da ya fi tarawa a ba shi askirim. Wani mutum ya dire kwali cike da gwangwanaye kusa da wata mata mai riƙe da gwangwani ɗaya.

"Baiwar Allah, ɗaya tal? To ajinku sai dai su lashi cokali."

"Kai kuma kanti ka kwaso?"

"Wane kanti! Duk shekara nake share ƙasan kabad. Abin da ko karenmu ba zai shinshina ba. Ai ƙirgawa ake yi, ba ɗanɗanawa ba. Bara ma ajin ɗana Wyatt ne ya ci."

"Sannu da aikin lada."

"Wane lada? Askirim dai. Su masu karɓa, ina suka ga ta duba kwanan watan lalacewa?"

"Suna dubawa, malam."

"Ke ina kika sani?"

Ta juya masa gwangwanin. Alayyafo ne, gefe ya lotse, an rubuta Wyatt a murfin da jan biro.

"A kwalin da aka ba mu bara na same shi, lalatacce. Yau 'yata ta yi ta kuka wai ita kaɗai ce ba ta kai komai ba."

"To ai ke ma shara kika kawo!"

"Taka ce."

Ta sunkuya ta kwashi huɗu daga kwalinsa.

"Ke! Lafiya?"

"Na ajin 'yata Marisol ne. Ai gidana za su ƙare, gara in fara karɓa tun yanzu."