Sauran Muryar Yaya

A bencin mai gyaran waya, wata mata ta juyo wajen mutumin da ke jira kusa da ita.

"Malam, na san muryar nan. Ba kai ne mai fodkas ɗin kiwon kaji ba, shirin nan da ake saurara a waya, kai da yayanka?"

"Ni ne, Hajiya."

"Jiya na rubuta kiwon kaji a manhajar sauraro ina neman ku, sai can ƙasa na gan ku. Da ku ne na farko."

"Sati uku ban saka sabo ba. Manhajar ba ta san uzuri ba, kana yin shiru za ta danne ka ta ɗora wasu."

"To ku dage mana. Kuma ka daina katse yayanka. Yana fara magana sai ka shigo, ko dariyar nan taku babu."

"Ba katse shi nake yi ba. Tsofaffin hirarrakinmu nake yankawa, in yi tambaya, in liƙa amsarsa. Wata biyar ke nan da rasuwarsa."

"Allah ya jiƙansa. Me ya hana ka sanar da mutane?"

"Na gwada shiri ɗaya ni kaɗai. Mutum sha ɗaya suka saurara, muka faɗo shafi na huɗu. Shi ake nema, ba ni ba."

"Yanzu ya za ka yi?"

"Saura minti arba'in na muryarsa. Suna cikin waccan wayar da ke hannun mai gyara, ta faɗa ruwa."

Mai gyara ya ɗago ya dube shi, ya girgiza kai.