Kafin Mu Ba da Fadama

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wannan taro, dattawan kwamitin sulhu, malamanmu, jami'an tsaro da suka zauna tare da mu, iyayenmu mata da ke can baya, matasa da ke tsaye a bakin tagogi, ina gaishe ku gaisuwar girma da ban-girma.

Na gode da aka ba ni dama. Idan kun ga ina murmushi a taron da ba na murmushi ba, ku gafarce ni. Jikana, mai gyaran injin ban-ruwa, wanda 'yan bindigar tsauni suka ɗauke tun farkon damina, ya dawo gida da ƙafarsa. Ya rame, amma bakinsa bai rame ba. Yana shigowa ya dube ni ya ce, "Tsoho, ashe kana nan? Na zaci na dawo cin gado." Na gode wa duk wanda ya yi addu'a, da duk wanda ya taka ya zo jaje, ya kuma sake takowa barka.

Abin da ya tara mu kowa ya sani. Mutanen nan sun aiko cewa idan muka bar masu fadamar bakin rafi, za su daina kawo hari, kuma sakin jikana shi ne alamar gaskiyarsu. Shugaba ya ce da ni, "Baba, kai ka fi kowa sanin daɗin sulhu, ka yi wa jama'a magana." To, ni da girmana na shiga ajin dare, kuma abin da na fi samu a can shi ne rashin jin kunyar tambaya. Tambaya na zo da ita: idan ka ba mai bindiga ƙasa, ƙoshi yake yi, ko kuwa yunwarsa ce take ƙaruwa?

Na farko, mu tuna wannan ba shi ne karon farko ba. Shekarun baya sun nemi wuri, muka zauna a wannan ɗakin, muka auna ƙasarmu yadda manomi yake aunawa. Muka ce wace ce ba ta ba da hatsi? Tsauni. Dutse ne da ƙaya, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Muka ba da shi muna dariya, muna ganin mun yi wayo. Jikana ya ce wata safiya babbansu ya kira shi kan wani falalen dutse, ya nuna masa da baki ya ce, "Ga gidanku can. Ga kakanka ya fito da buta." Daga nan suna ganin hanyar kasuwa, suna ganin wanda ya ɗaura wa jaki kaya, suna ganin motar tsaro tun tana tayar da ƙura. Mu mun auna abin da ƙasa take fitarwa, su sun auna abin da take nunawa. Shekara biyu muka yi barci, a ta uku aka fara tare hanya.

Na biyu, da wannan kaɗai ne labarin, da na ce a'a na zauna. Amma garin surukaina, can gaba da rafi, su ma sun ba da fili, kuma har yau lafiya suke kwana. Me ya bambanta mu? Na tambayi surukina. Ya ce waɗanda suka karɓi nasu filin sun zo da matansu da 'ya'yansu, sun yi rumbu, kuma wanda ya yi rumbu ya fara tsoron gobara kamar kowa. Namu kuwa ba su kafa ko turken akuya a tsauni ba. Ashe ba bayarwar ce kaɗai abin dubawa ba. A duba me aka bayar, a duba wa ya karɓa, a duba me ya ajiye kafin ya miƙo hannu.

Na uku, mutanen tsauni ba bakinsu ɗaya ba. Jikana ya ce akwai wani a cikinsu, mai furfura a gemu, da yake raɓowa kusa da shi yana tambaya ƙasa-ƙasa: "Kai, mai inji, irin albasa kwana nawa yake yi kafin a dasa?" Akwai kuma wanda ya ji yana cewa, "Sun ba da dutse, za su ba da ruwa, gobe su ba da gari." Jama'a, idan muka miƙa fadama yau, wanne daga cikin biyun nan muka ƙarfafa? Idan muka hana, wanne muka kunyata a gaban 'yan'uwansa? Ni ban sani ba. Ina kuma zaton babu wanda ya sani a ɗakin nan, har masu ɗaga murya.

Saboda haka ga roƙona. Kada mu ɗaga hannu yau, na ee ko na a'a. Mu mayar masu da tambaya. Mu ce: mai son noma ya sauko, ya miƙa bindigarsa ga hukuma, mu yanka masa wuri a fadama, kuma a fara da gonata. Amma tsauni ya dawo hannunmu. Idan ƙasar noma suke so, wannan ciniki ya fi masu riba nesa ba kusa ba, domin dutse za su bayar su karɓi dausayi. Idan suka ƙi, to sun ba mu amsa da bakinsu, ba mu kuma yi asarar ko kunyar gona ɗaya ba.

Saura wanda zai kai saƙon. Hanyar tsauni ba kowa ya san ta ba, kuma ba kowa za su bari ya ƙaraso ba. Jiya da safe jikana ya same ni a zaure ya ce, "Kaka, ni zan koma. Na san wanda zan fara faɗa wa." Sai da rana ta yi tsaka na kira shi. Na amince. Mahaifiyarsa, 'yata, tana zaune can baya, kuma yanzu take jin wannan magana daga bakina, domin na kasa faɗa mata a gida. 'Yata, ki yi haƙuri. Idan taro ya yarda, gobe ni zan raka shi har gindin dutse, in zauna a can sai ya sauko.

Allah ya ba shugabanninmu basirar yanke abin da ya fi alheri. Allah ya sako sauran 'ya'yan mutane da ke tsare a ko'ina. Allah ya sanyaya zuciyar iyaye mata, ya tsare mai tafiya da mai jiransa, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.