Gashin Kaina Ne Ya Tona Ni

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwana.

Sunana Rifkatu, ina koyar da kimiyya a nan Gwarzo. Bara likita a Kano ya ce ciwon daji ne a nonona na hagu. Aka fara yi mini ƙarin ruwan maganin dajin. Gashina ya zube, bakina ya yi gyambo, ko ruwa ɗaci yake yi mini.

Ina kwance na karanta a waya cewa masu bincike suna gwajin haɗa ƙwayoyin magani ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, su lulluɓe su da fatar ƙwayar halittar jikin mutum. Jiki sai ya ɗauka nasa ne, ya bar su su wuce har inda ciwon yake, ba sa ƙona sauran. Abin ya shiga raina. Na ce wannan zan jira.

Sai na daina zuwa asibiti. Ranar magani in shiga motar Kano, in sauka a Kabo, in wuni wurin wata ƙawata. Wata biyu ina yi wa Mama ƙarya!

Wata safiya tana ɗaura mini ɗankwali, hannunta ya tsaya.

"Rifkatu, gashin nan da ke tohowa, maganin ne ya gaji ko ke ce kika gudu?"

Na fashe da kuka, na faɗa mata komai.

"Maganin naki yana ina?"

"Yana ɗakin bincike, Mama."

"To shi ciwon, a ɗakin bincike yake jiranki?"

Ta ja ni muka durƙusa. Tana addu'a na tuna Ubangiji ma jikinmu ya sa, ya zo har inda ciwonmu yake, kuma bai guje wa zafi ba. Tsoron ya sake ni.

Da muka koma, likita ya ce ƙullutun ya ƙaru, amma ba mu makara ba. Na sha sauran maganin, aka yi mini aiki. Makon jiya hoto ya fito, ba a ga komai ba. Halleluya!

Ina yi wa masu binciken nan addu'a, don waɗanda za su zo bayana. Amma kai da ke da ranar asibiti gobe, ka dogara ga Yesu, ka tashi ka je. Godiya ta tabbata gare shi. Amin.