Mai kira ba sallama

A tashar Buza, Biba mai garkar albasa a kwarin Tama tana jiran mota ta cika, sai wani dattijo da ba ta sani ba ya ja ta da hira.

"Bana ambaliya ba ta yi muku ɓarna ba?"

"Ko akuya ba ta ɗauka ba, Malam. Magaddan gari sun haɗa kai, sun sa mutanen tudu su riƙa kiranmu da salula in ƙorama ta ciko. Sai dai mai kiran namu ba shi da ladabi. Ba sallama, ba ina kwana, sai 'Ku kwashe, ruwa ya taho', ya kashe."

"Baiwar Allah, kafin ki gama amsa ina gajiya, ai ruwan ya tafi da injin ban ruwanki. Ga kuma wasu ƙauyukan suna jirana."

Biba ta dube shi da kyau. Wannan muryar ta san ta. Dariya ta kama ta.

"Ashe kai ne. To, yau ƙorama a bushe take, mota kuma ba ta cika ba. Gyara zama ka gaishe ni."

Dattijon ya yi gyaran murya. "Salamu alaikum. Ina kwana? Yaya albasa?"

"Tana nan lafiya lau, albarkacin rashin ladabinka."