Masarar da Ba a Shuka Ba

A tashar bas ta Greensboro, wata dattijuwa 'yar Nijar ta ji saurayin gefenta ya yi Hausa, sai ta leƙa wayarsa.

"Ɗana, wannan zanen mai hawa da sauka fa?"

"Farashin masarar baɗi ne, Hajiya. Karatuna ke nan a jami'a."

"Masarar da ba a shuka ba?"

"Manomi da mai saye ke tsayar da farashi tun yanzu. Dillalan shinkafar Japan suka fara, Chicago ta ɗauka."

"In kasuwa ta faɗi fa?"

"Alkawari na nan."

"Lallai sun yi tunani. Mu a Galmi, muna jiran kasuwa ta tashi albasarmu ta ruɓe." Ta gyara mayafinta. "Da muna da wannan, da yanzu ina tsakar gidana, ba jiran bas ba."